Ɗakin Siminti a Gonar Baba

Lahadi, 22 ga Disamba, 2024

Jaje bai sauka a gonarmu ba bana. Ya sauke shanunsa a gonar Ado, gona biyu ke tsakaninmu. Ƙanena Imrana ne ya kira ni daga ƙauye bayan azahar ya faɗa mini. Ya ce daga gindin gawonmu ana hango hayaƙinsu.

Tun ina yarinya ban san shekarar da aka saki gonaki Jaje bai zo mana ba. Kafin shi, ubansa ne ke zuwa wa Baba. Tsarin bai taɓa canzawa ba: su sauka bayan girbi, shanu su ci kara su bar mana taki. Duk 'yan kwanaki su ɗaga bukkoki da turaka su matsa gaba, har garken ya kwana a kowace kusurwa ta gonar. Mu ba su dammunan hatsi, su aiko da nono. Idan hadari ya fara haɗuwa su tattara su yi arewa.

Imrana ya ce ɗakin ne. Na ce kada ya yi saurin yanke hukunci. Aikin jarida ya koya mini cewa dalilin farko da aka ba ka ba kasafai yake zama na gaskiya ba. Ya ce, "To, Yaya, ki taho ki binciko na biyun."

Ɗakin dai ni na gina shi, kuma ban ga laifinsa ba. Bara na tarar da Inna Hawa'u, mahaifiyar Jaje, tana tari a cikin bukkar da sanyi ke ratsawa ta ko'ina. Tsohuwar da ta sha ba ni kindirmo a ludayi ina ƙarama. Da aka gama girbin bana na tura magini. Bulo, siminti, rufin kwano, ƙofa da taga, a kusurwar gabas kusa da gawo. A rabona na gado, ba a na kowa ba.

Talata, 24 ga Disamba

Na kira lambar Jaje, a kashe. Ba sabon abu ba ne, sai ranar kasuwa yake samun caji.

A gidan rediyo wani mai saurare daga Tsarnawa ya aiko da tambaya ga shirina na kalmomi: mene ne asalin tunga, kuma me ya raba ta da zango? Tambaya mai kyau. Zan raba ta mako biyu.

Abin da na tattara zuwa yanzu. Zango na matafiya ne, inda fatake ke sauke kaya bayan tafiyar yini, shi ya sa ake cewa an yada shi, ba a cewa an gina shi. Sansani na mayaƙa ne. Ruga ta makiyaya ce, kuma ina tare da masu cewa daga Fulatanci muka aro ta. Mashekari ba ya bukatar bincike, sunansa ya faɗi aikinsa. Tunga ce mai wuya. Asalinta bukkokin da manomi ke kafawa a gona mai nisa, ya zauna har a yi girbi ya koma gari, ko na masunta a bakin ruwa. Zabarmawa da Dendawa ma suna da ita. Wa ya ara daga wa? Ni na fi karkata ga bakin kogi, don can tungaye suka fi yawa, kuma suna raguwa idan ka yo gabas. Wasu na danganta ta da yin tunga, a tsaya a ƙi gaba a ƙi baya. Ban ga hujja ba, kamannin sauti ne kawai.

Dukansu dai abu ɗaya ya haɗa su: wuri ne da aka sauka da niyyar tashi.

Alhamis, 26 ga Disamba

Shirin zango ya tafi daidai. Jibi zan je ƙauye.

Asabar, 28 ga Disamba

Daga Konni zuwa Tajaye a motar haya, daga nan Imrana ya ɗauke ni a babur.

Gonar a bushe take, kara a tsaye ba abin da ya taɓa shi sai awakin gari. Ɗakin kuwa ya yi kyau, gaskiya. Kwanon yana ƙyalli tun daga hanya. Wannan ƙyallin ne ma ya fi ba Imrana haushi.

Ya ce mai gari ya kira shi ya tambaye shi ko mun ba Fulani filin ne. Ya ce maƙwabta na tambaya ko rijiya ce za ta biyo baya. Na ce ɗaki ɗaya ne don tsohuwa ɗaya.

"Yaya, ke ce mai karatun kalmomi. Duk tungar da kika sani, da ɗaki guda ta hwara."

Na ce wannan magana ce ta tsoro, ba ta hujja ba. Ya ce shi ke noma gonar, ni ke da hujja.

Bayan la'asar muka taka zuwa gonar Ado. Jaje ya tarbe ni kamar kullum, da dariya, yana jan ƙafarsa ta hagu. Gwiwar ta ƙara lalacewa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura.

"Ɗiyar Abdurrahaman. Kullum muna jin ki cikin akwati, yau ga ki da ƙahwahu."

Na bari aka gama gaisuwa, sannan na tambaye shi kai tsaye me ya sa bai sauka inda ya saba ba. Ya ce shanu ne suka karkato nan, shi kuwa bawan shanu ne. Na ce shanu ba su san iyakar gona ba. Ya ce nasa sun yi lakwal, 'yan makarantar boko ne. Ado ya yi dariya har da tari. Shi ai gaba ta kai shi, taki kyauta ya faɗo masa daga sama.

Na tambayi ɗakin. Ya ce, "Mun gani. Allah shi saka da alheri. Ya yi kyau ƙwarai." Daga nan ya koma zancen tsadar dusa.

Na yi hira da ministoci da suka fi shi sauƙin kamawa.

Inna Hawa'u tana cikin bukka, ta rame. Ta riƙe hannuna ta daɗe. Ta ce an faɗa mata ɗakin har taga gare shi. Ta tambaya ko gaskiya ne idan aka rufe ƙofar iska ba ta shiga. Na ce gaskiya ne. Sai ta kalli ƙofar bukka inda ɗanta ke zaune.

Ashe ba ita ce ta ƙi ba. Wannan na riƙe.

Lahadi, 29 ga Disamba

Ga dalili na biyu. Na ce akwai shi.

Da hantsi na koma gona ni kaɗai. Ƙofar ɗakin a buɗe (ban sa kwaɗo ba, ban ga dalili ba). An share cikinsa tas, an yayyafa ruwa. A bakin ƙofa wata mata na tsaye da tsintsiya. Suwaiba ce, matar Hamza. Hamza shi ne ɗan Jaje da ya rage a bayan shanu, sauran biyun suna Legas suna gadi.

Ta ji kunya da farko, sannan ta saki jiki. Hausarta ta fi ta mijinta. Ta ce tun suna arewa labarin ɗakin ya iske su ta waya, kuma tun ranar ba a sake cin abinci cikin daɗi a gidansu ba. Ita ta ce wa Hamza su zauna a nan, ita da Inna da yara, rani da damina. A bar musu shanu biyu masu tatsa, ta riƙa kai nono kasuwa, ɗiyarta ta fari ta shiga lakwal. Hamza ya ce ba zai bar iyalinsa su kaɗai a gonar mutane ba, in sun zauna shi ma ya zauna. Jaje ya ce to wa zai kai garke arewa? Da wace gwiwa?

"Shi ya sa Baffa ya ce ko inuwar ɗakin nan ba mu kwana. Ni kuwa, Hajiya, na gaji da ɗaure kaya. Haihuwa huɗu, kowace a wani daji daban."

Ta nuna mini inda za ta sa gado, da inda ƙorai za su jeru. Ta riga ta auna komai da ido.

Na ce mata ɗakin don a shiga aka gina shi. Haka na ce, kuma haka nake gani. Yarinya ta yi karatu ba laifi ba ne. Tsohuwa ta kwana cikin ɗumi ba laifi ba ne. Idan aka ɗora wannan a sikeli ɗaya da ra'ayin Jaje, na san inda zai rinjaya.

Na dawo Konni da yamma.

Litinin, 30 ga Disamba

Imrana ya kawo shawara a waya: a cika ɗakin da harawa a sa kwaɗo, ya zama sito, kowa ya huta. Na ce a'a. Ba a yin kyauta a dawo a zuba mata harawa.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Shirin tunga. Na faɗi abin da na tattara, na faɗi inda na karkata, na ce hujja ba ta kammala ba amma alama ta nuna bakin kogi. Aka buɗe layi.

Wani dattijo daga wajen Bazaga ya ce garinsu tunga ce, kakansa ya kafa ta da bukka uku. Yau suna da masallacin Juma'a da lakwal da injin niƙa. Amma har yanzu idan Sallah ta zo sai ka ji ana cewa za a tafi gida, ana nufin garin da kakanni suka baro, inda yawancinsu ko ɗaki ba su da shi. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Kalmar ta riƙe alkawarin tashi, mutanen sun daɗe da zama. Zan yi amfani da shi.

Mai kira na ƙarshe daga Tajaye yake. Na so in gane muryar, ban gane ba. Ya ce, "Hajiya Basira, a gaishe ki. Mu nan ma mun samu sabuwa, Tungar Basira, kwano na walƙiya. Yaushe za a naɗa mai gari?"

Na yi dariyar da ake yi a rediyo, na ce lokaci ya ƙure. Mai haɗa sauti ya yi ta murmushi har muka fito.

Na tambayi Imrana. Ya ce ai an kwana biyu ana kiran wurin haka, shi ne bai so ya faɗa mini ba. Har masu amalanke na cewa a sauke su a Tungar Basira.

Suna ba ya tabbatar da komai. Amma na san yadda sunan wuri ke kamawa, aikina ke nan. Ba ya neman izini.

Lahadi, 5 ga Janairu

Sanyi sosai. Na yi ta tunanin tarin Inna.

Talata, 7 ga Janairu

Jiya jikin Inna Hawa'u ya tsananta. Jaje ya tafi shayar da shanu, kafin ya dawo Suwaiba da Hamza sun ɗora ta a amalanke sun kai ta ɗakin. Imrana ya kira ma'aikacin asibitin Tajaye ya zo ya duba ta, ya ce ciwon ƙirji ne, ya yi mata allura, ya ce kada a sake kwantar da ita a sanyi.

To. Ga amfanin ɗaki. Ban ce wa Imrana "na faɗa maka" ba, amma ya ji shi a muryata, don ya ce, "Ki bari a ga ƙarshe."

Jaje ya zo ya duba uwarsa. An ce daga bakin ƙofa ya tsaya, ya durƙusa ya gaishe ta, bai shiga ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Jaje ya tashi daga gonar Ado. Ya kora garken ya yi gabas, wajen fadamar Malbaza, inda wani ɗan'uwansa ke da ruga. Shi da matarsa da jakai. Hamza bai bi shi ba.

Ado ya kira ni da kansa yana ƙorafi, wai rabin gonarsa kawai aka taka. Kamar ni na yi masa alkawari.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙauye. Inna ta samu sauƙi, tana shan kunu da hannunta. Ɗakin ya zama ɗaki: gado, ƙorai a jere daidai inda Suwaiba ta nuna mini, igiyar shanya, murhu a waje. Yara na wasa a gindin gawo. Duk abin da na zana a raina bara, ga shi a gabana. Sai dai babu saniya ko ɗaya a gonar. Ban taɓa ganin mutanen Jaje ba tare da ƙarar shanu a bayansu ba. Shirun ya yi yawa.

Hamza na zaune a kan bulon da ya ragu, yana fere sanda da wuƙa. Ya fere ta har ta kusa ƙarewa. Na tambaye shi labarin ubansa. Ya ce sun yi waya. Rijiyar can mai zurfi ce, kuma ɗan'uwan nasu sai ya gama shayar da nasa kafin a ba Baffa guga. Wata karsana ta ɓace kwana ɗaya, an same ta.

"Shina jan guga da gwiwa guda, Hajiya. Ni kuwa ga ni nan ina gadin ƙohwa."

Suwaiba ta ji shi daga ciki, ta ce ba wanda ya ɗaure shi. Ya ce ai ɗaurin da ba igiya ya fi wuyar kwancewa. Ta ce to ya nemi wuƙa, ga ta nan a hannunsa. Inna ta ce su yi mata shiru.

Na ce gobe zan je in ga Jaje. Har yanzu ina ganin magana ce da za a iya warwarewa idan aka zauna aka jera ta dalla-dalla.

Lahadi, 12 ga Janairu

Imrana ya kai ni a babur. Mun same shi a bakin rijiya. Ya ga zuwanmu bai daina ja ba sai da kwamin ya cika. Babu zancen akwati yau.

Na jera masa maganata kamar yadda na tsara. Ɗakin don Inna na yi. Ba na neman raba shi da ɗansa. Zamani ya canza, burtali na ƙara matsewa, jikokinsa za su bukaci karatu. Ana iya ɗaukar makiyayi na haya ya taimaka masa zuwa arewa. Ya saurara har ƙarshe, ya fi wasu 'yan majalisa ladabin sauraro.

Sannan ya ce makiyayin haya ba ya sanin saniyar da ke da ciki sai ta haihu. Ya ce 'ya'yansa biyu Legas ta ɗauke, bai yi faɗa da Legas ba don ba ta san shi ba.

"Amma ke kin san ni. Ni da ubanki mun yi shekara da shekaru, ya ba ni hatsi, ya ba ni gishiri, wata shekara har bargo. Bai taɓa ba ni abin da jaki ba ya ɗauka ba."

Na ce Baba bai ga Inna tana tari ba.

Ya ce, "Ya gani. Bargon na wa kike tsammani?"

Na tambaye shi me yake so a yi. Ya ce shi ba ya so a yi komai, gonata ce, ɗakina ne. Ya ce uwarsa ta zauna har ta warke, wannan ya gode. Amma muddin ɗakin nan na jiran mutum rani da damina, shi ba zai sake kai garkensa kusa da shi ba, don duk shekara sai ya bar wani a ciki.

"Bana Hamza. Baɗi wa? Ni da jakai za mu ƙare."

Matarsa ta ba ni man shanu a ƙaramar roba. Ko a cikin fushi ba su sallami baƙo hannu wofi.

Imrana ya tada babur muka kama hanya.

Laraba, 15 ga Janairu

Na sake bin maganar a tsanake. Hujjojina suna nan daram, ban ga wadda ta faɗi ba. Karatun yarinya, lafiyar tsohuwa, duk gaskiya ne.

Abu ɗaya dai. Na tambayi magini kuɗin bulo, na tambayi Imrana inda ruwa ba ya kwanciya, na tambayi mai kwano wane iri ne ba ya tsatsa. Jaje ne ban tambaya ba. A labarin jarida da na tsallake mutum ɗaya irin wannan, edita zai maido mini da takardata.

Hamza ya tafi wurin ubansa jiya, in ji Imrana. Ya ce zai yi kwana biyu ya dawo. Bai ɗauki komai ba sai sanda.

Alhamis, 16 ga Janairu

Shirin yau kan sunayen iri na gero ne. Wani ya sake kira kan tunga, yana so in yanke masa: daga kogi ta zo ko daga yin tunga? Na ce ban sani ba. Mai haɗa sauti ya ɗago kai ya dube ni.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je na faɗa wa Suwaiba da bakina. Ban so ta ji a bakin Imrana ba.

Ɗakin na lokacin sanyi ne. Daga sakin gonaki zuwa ranar da garke zai tashi, Inna ta kwana a ciki, da duk wanda ke jinyarta. Ranar da aka ɗaure kaya, a share shi, Imrana ya zuba harawa da irin shuka, ya sa kwaɗo. Mabuɗi a wurinsa. Ba mai kwana a ciki da damina.

Tana tankaɗe lokacin da nake magana, ba ta tsaya ba. Da na gama ta ce, "Ranar nan kin ce don a shiga anka gina shi."

Na ce na faɗa.

"To. Ɗakinki ne, Hajiya."

Na fara yi mata bayanin dalili, ta ce ba sai na wahala ba, ta san dalilin, da shi take kwana da shi take tashi. Ta ce da ma ba ta cire ƙorai daga ragarsu duka ba, ta bar rabi a ɗaure. Ta leƙa ciki ta ce wa Inna an kawo mata lemu.

Ɗiyarta tana zaune a bakin ƙofa tana jin komai. Shekararta bakwai ko takwas. Ta riga ta san hanyar lakwal ɗin ƙauyen, an ce kullum sai ta bi yara har bakin shinge ta dawo.

Inna Hawa'u ta kira ni ciki. Ta ce ta ji. Ta ce ita dai a bar mata tagar a buɗe da rana. Ta tambaya ko Jaje ya ci abinci ranar da na gan shi. Na ce ban lura ba. Ta ce, "Ku masu karatu."

Na kira Hamza na faɗa masa yadda aka tsayar, na ce ya gaya wa ubansa kalma da kalma, kada ya ƙara kada ya rage. Ya ce zai faɗa. Na ji muryar Jaje a bayansa yana yi wa wata saniya tsawa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ba amsa.

Imrana ya yi ƙoƙari bai yi murmushi ba da na ba shi kuɗin kwaɗo. Na ce masa ba shawararsa na bi ba, tasa ta rufewa ce gaba ɗaya. Ya ce haka ne, Yaya. Harawa dai tana bukatar wuri, wannan gaskiya ne ko da babu Jaje.

Talata, 21 ga Janairu

Ba amsa. Wayar Hamza a kashe.

Idan bai dawo ba, gero zai nuna a damina, gonar ba ta saba da takin buhu ba. Amma ba geron ke hana ni sukuni ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ɗakin da ke kusa da nawa a nan Konni ba kowa a ciki tun da autata ta tafi jami'a. Lakwal tana bayan gidanmu. Na lissafa komai, har kayan makarantar ɗiyar Suwaiba, kuma na tabbata zai yi. Da ma gidanmu bai taɓa rasa ɗan riƙo ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Ban sayi ko alli ba. Sai na ga Suwaiba, da Hamza, da Jaje, kowa shi kaɗai, in tambaya. In sun ce a'a, a'a ce. Ba wai na canza ra'ayi kan komai ba ne, tsari ne kawai.

Imrana ya kira ana kiran la'asar. Yana kasuwar Badagishiri, bai koma gida ba tukuna. Ya ce matarsa ta yi masa waya, wai masu ɗebo itace sun ga garke ya shigo gonarmu ta arewa da tsakar rana, da jakai ɗauke da kaya. Ba su matsa kusa ba. Makiyaya da yawa na wucewa ta wurin a wannan watan.

Na ce ya je ya gani da idonsa kafin ya faɗa wa kowa. Ya ce sai gobe da safe.